Motar da ba ta je yaƙi ba

Ina aji biyu na babbar sakandare a Zariya lokacin da ƙanen mahaifiyata ya dawo daga wata tafiya ya kawo mini tsarabar da ban taɓa ganin irinta ba. Wani ɗan kwali ne, a jikinsa an zana koriyar motar soja ƙirar jif. Na ɗauka ina buɗewa zan ga mota in ajiye a ƙasa in tura. Da na buɗe sai na tarar da ƙananan gutsattsarin roba masu yawan gaske, kowane a manne da ɗan'uwansa, ga kuma takarda mai nuna yadda ake harhaɗa su. Kawu ya ga yadda na yi turus, ya yi dariya ya ce, "Ai kai ne makanikin. Mun gaji da ganin motar langa-langa, ga ta gaske nan ka haɗa mu gani."

Yana da gaskiya. Tun ina firamare aka san ni da ƙere-ƙere a layinmu. Na yi motar kara, na yi ta gwangwanin madara, na yanka tsohon silifa na yi tayoyi. Amma duk waɗannan da ido nake auna su. Wannan kuwa kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ne ya yi ta, kuma a jikin kwalin an rubuta 1/35. Ma'anarsa ita ce an ɗauki kowane sashe na motar gaske an rage shi sau 35. Jif ɗin gaske, wadda ake kira Willys MB, tsawonta ya ɗan haura mita 3 da santimita 30, don haka tawa ba ta cika santimita 10 ba. Irin motar da kamfanonin Willys da Ford na Amurka suka ƙera fiye da 600,000 ce tsakanin 1941 da 1945, aka yi ta aiki da su a fagagen Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai dalilin da ya sa motar ta shiga raina fiye da kowane abin wasa. Kakana na wajen uba ya je wannan yaƙi. Mutanen unguwa Baba Soja suke ce masa, mu jikoki kuma mu ce Kaka. An san ya je ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, shi kuwa Bama yake cewa. Bayan wannan ba wanda ya san komai, domin ba ya ba da labari. Ni kuma da na ga ba ya magana, sai na cike gurbin da kaina. Na daɗe ina gaya wa 'yan ajinmu cewa kakana direban motar yaƙi ne, yana tuƙi da hannu ɗaya yana harbi da ɗaya. Na faɗa na maimaita har ni ma na fara yarda. Da motar nan ta zo hannuna sai na je makaranta na ce, "Ga irin wadda kakana ya tuƙa." Malaminmu na zane ya ji, ya ce in kammala ta in kawo ranar baje kolin fasaha ta ƙarshen zango, in yi wa mutane bayani.

Kwana uku na yi na haɗa ta. Na sami ragowar koren fentin mai da aka shafa wa ƙofar gidanmu, na lafta mata. Ta bushe tana ƙyalli kamar sabon kwanon sha. Na ɗauke ta a tafin hannu na kai wa Kaka a zaure, inda yake zama bayan la'asar. Idonsa ya yi rauni a lokacin, sai ya kai ta dab da fuskarsa, ya jujjuya ta, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya miƙo mini ya ce, "Abokina, wannan ba ta je yaƙi ba. Wannan ta kai amarya ce."

Na ji haushi ƙwarai. Amma da na koma ɗaki na sake dubanta sai na ga abin da yake nufi. Fentin ya yi kauri har ya cike ƙananan layukan jikinta, ya binne kan kusoshi. Ba ta yi kama da mota da aka rage ba, ta yi kama da abin wasan yara na kasuwa.

Cikin gaggawa na ɗebo tina, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, na jiƙa tsumma na fara gogewa. Nan take ƙarfen da ke saman tayar gaba ta dama, wanda a nan roba ne, ya yi laushi ya lanƙwashe. A ranar na koyi cewa irin wannan roba ba ta shiri da tina ko fetur, narkar da ita suke yi. Wani makaniki a bakin layinmu ne ya cece ni. Ya jiƙa mini ita a cikin man birki ta kwana, fentin ya saɓule, ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa man da hannu, in wanke ta da sabulu sosai kafin in sake yi mata komai.

Malamin zane ya ba ni aron fentin ruwa irin na masu zane, wanda ba ya ƙyalli idan ya bushe. Shi ya nuna mini cewa koren motocin soja ba koren ganye ba ne. Idan ka ɗiga baƙi kaɗan a cikin ruwan ɗorawa, sai ka sami wani kore mai duhu da ya karkata zuwa launin ƙasa, wanda shi ne ya fi kusa da nasu. Ya ce in tsinka fentin da ruwa, in shafa sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. A wurinsa kuma na fara jin cewa masu wannan sana'a ba sa tsayawa a fenti. Suna tsufar da motar, wato su sa mata datti da ƙura da ƙujewa har ta yi kama da wadda ta sha aiki. Sannan su gina mata ɗan ƙaramin fage a kan katako, da ƙasa da itatuwa da mutane, yadda mai kallo zai ga kamar an tsayar da wani lokaci guda na rayuwa. Wannan fage shi suke kira diyorama.

Da na ji haka sai na ce to Kaka zai ga datti. Na kankare jan bulo na yi gari, na haɗa da fenti ruwan ƙasa, na bi jikin motar da tsatsa ko'ina. Na ɗebo jar ƙasa a bayan gida na barbaɗa mata. Na sake kai masa, ina jiran yabo. Ya duba ya ce, "Yanzu kuma Bama ka kai ta ko bola?" Ya ce motocin da ya gani sababbi ne, 'yan watanni suka yi a daji, kuma direban da ya bar motarsa ta yi tsatsa haka sai ya yi bayani a gaban saje. Ya shafa jar ƙasar da ɗan yatsa ya ce, "Wannan kuma ƙasar Zazzau ce. Ta can ba ja ba ce."

Sau biyu ke nan ina yin abin da na ga dama, sau biyu yana kushewa. Saura mako biyar a yi baje koli. Ba yadda na iya, dole na ɗauko littafi da biro na zauna kusa da shi a kan tabarma na fara tambaya. Na ce, "Kaka, idan za ka shiga, a ina takalminka ke gogar fenti? Kuma a sitiyari ina ka fi riƙewa?"

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Wa ya ce maka na tuƙa? Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba. Bayanta na sani, don nan nake turawa."

Na yi shiru. Shi kuwa kamar an buɗe famfo. Ya aike ni ɗakinsa na ɗauko wani tsohon gwangwani daga cikin adaka. A ciki akwai wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa da ya koɗe, da hoton baƙin gizo-gizo a tsakiya. Ya ce alamar rundunarsu ce. Daga baya na karanta cewa ita ce Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1943 da sojoji daga Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Gizo-gizon nan kuwa Ananse ne na tatsuniyoyin mutanen Ashanti, wanda yake daidai da Gizo a namu tatsuniyoyin. An kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya a wannan shekara, daga can aka tura su kwarin kogin Kaladan da ke yankin Arakan a yammacin Burma, su kara da sojojin Japan.

Wurin duwatsu ne da dajin gora, ba hanyar mota. Rundunar da kanta ta sare daji ta fasa hanyar da jif zai iya bi, mai tsawon fiye da mil 70, da diga da shebur da adda. Inda mota ba ta zuwa kuma, mutane ne ke ɗaukar kaya a ka. Rundunar tana da rukunoni na musamman na masu dako, su ne ke ɗaukar abinci da harsashi da jiragen sama ke jefowa da laima, su bi sojoji da su duk inda suka nufa. Kakana yana cikin waɗannan. Ya ce, "Adda aka ba ni da gammo. Da su na je, da su na dawo."

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Jarumin da na ƙera wa 'yan ajinmu ya rushe, abin da ya rage mini ɗan dako ne. Na yi tunanin in kai motar ita kaɗai, in ci gaba da labarina, tunda ba wanda zai zo zaure ya tambayi tsoho. Amma akwai wata magana da ya faɗa da ta hana ni sakat. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne mashigin rafi. Motoci suna bi suna bi har gaɓar ta dame ta zama taɓo, sai wata ta kafe, a kira su su sauke kayansu su tura. Ya ce idan motar ta fita ta haye tudu, sai ka ga shatin tafin hannuwansu na laka a bayanta, tana tafiya da su. Wannan hoto ya fi duk ƙaryar da na taɓa yi kyau. Da gari ya waye na san fagen da zan gina.

Na wanke jar ƙasar da tsatsar, na sake shafa kore, na fara aiki a hankali. Kullum bayan la'asar sai in kai masa abin da na yi in yi sabuwar tambaya.

Matakin farko shi ne fito da layukan jikin motar. Na tsinka fenti baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa har ya zama kamar ruwan shayi, na riƙa ɗiga shi da bakin burushi a kan kusoshi da mahaɗar ƙarafa. Da kansa yake gudu ya shige lunguna, idan ya bushe sai wurin ya yi duhu kamar inuwa da dattin da ya taru. Mataki na biyu kishiyar na farko ne. Na haɗa kore mai haske, na tsoma burushi, na goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan na riƙa shafa shi sama-sama a kan gefuna da kusurwoyi. Fentin da ya rage kaɗan ne, don haka wuraren da suka ɗago kawai yake kamawa. Waɗannan matakai biyu su suka sa motar ta daina kama da roba.

Sai ƙujewar fenti. A nan ne tambaya ta yi mini rana. Fenti ba ya ƙujewa ko'ina, sai inda hannu ko ƙafa ko kaya ke yawan taɓawa. Jif ba shi da ƙofa, ta wani yanke a gefe ake shiga, don haka bakin wurin ne takalma ke ci. Haka gefen bayan motar inda ake jan akwatuna, da wurin da ake ɗaure shebur da gatari a gefen direba. Na yagi ɗan guntun soso, na dangwala shi a fenti mai duhu, na rage a takarda, na riƙa taɓa waɗannan wurare kaɗan-kaɗan. Na bi bakin shebur da gefen matakin da fensir, sai suka yi ƙyallin ƙarfen da ya sha guga. Tsatsa kuwa a bututun hayaƙi kaɗai na bar ta. Gilashin gaba na kwantar da shi a kan bonet na rufe da ɗan ƙyalle, domin Kaka ya ce haka ake yi don kada ya yi walƙiya a rana a hango su. Wurin nan da tina ya lanƙwasa, da na so in ɓoye shi, ya ce in bar shi, bai taɓa ganin wadda ba ta da lotsawa a wannan hanya ba.

Laka ita ta fi ba ni wahala, kuma a nan lissafi ya shigo. Ƙwayar yashi mai faɗin milimita 1, idan ka ɗora ta a jikin motar da aka rage sau 35, daidai take da dutse mai santimita 3 da rabi. Shi ya sa ƙasar da na barbaɗa da farko ta yi kama da tsakuwa. Na je bakin wani kududdufi na ɗebo busasshiyar baƙar laka, na daka, na tankaɗe ta da rariyar mahaifiyata, abin da ya jawo mini faɗa, na sake tace ta da tsohon ɗankwali. Garin da ya fito na kwaɓa da farin gam na kafintoci da ruwa kaɗan. Kaka ya ce laka iri biyu ce a jikin mota. Ta ƙasa, wadda ke tayoyi da ƙarƙashi, ɗanya ce, baƙa, tana sheƙi. Ta sama, wadda ta fantsama tun jiya ko shekaranjiya, ta bushe ta yi fari-fari. Na raba kwaɓin biyu, na ƙara wa ɗaya garin gawayi, ɗaya kuma garin alli. Don in sami fantsama, na tsoma tsohon burushin goge baki a kwaɓin, na riƙa jan gashinsa da tsinke daga wajen tayoyi zuwa baya, yadda taya ke watsa laka idan tana juyawa.

Fagen kansa a kan guntun katako na gina shi, tsawonsa santimita 30, faɗinsa 20. Na samo farin soson nan da ake tallafe rediyo da shi a cikin kwali, na yanka da reza na yi gangare da kwarin rafi. Da farin gam na manna shi, domin gam mai ƙarfi irin na ɗan bututu cinye shi yake yi. Na lulluɓe shi da takardar jarida da aka jiƙa a gam, na shafe da kwaɓin laka. Tun bai bushe ba na danna tayoyin motar a ciki na ja, don a sami sawu, na kuma nutsa tayoyin baya har kusan rabi. Wannan yana da muhimmanci. Motar da aka ɗora a kan ƙasa kawai tana zama kamar tana shawagi, ba a ganin nauyinta. Gora na yi da tsinken tsintsiya, na zana gaɓoɓinta da bakin biro, ganyen kuma na yanka daga takarda na shafa musu kore. Ruwan rafin na yi shi da gam marar launi, shafi bisa shafi, kowane sai ya kwana ya bushe.

Mutum ɗaya ne ya zo a cikin kwalin, direba, kuma siffar sojan Amurka aka yi masa. Na kankare hularsa na yi masa mai faɗin baki da takarda, na sake masa launin fata. Sauran mutanen da kaina na yi su. Mutum mai tsawon santimita 175 yana komawa santimita 5 daidai. Na murɗa wayar tagulla daga tsohuwar wayar lantarki na yi ƙashi, na naɗe da zare, na shafe da kwaɓin gam da garin alli, na sassaƙa da reza bayan ya bushe. Na yi bakwai kafin in sami huɗu masu kama da mutane. Uku na sa su a bayan motar sun duƙa suna turawa, ƙafafunsu a nutse. Na huɗu yana tsaye a kan gaɓa da akwati a ka bisa gammo. A ƙarshe na fere tsinken sakace, na dangwala a laka mai haske, na yi shatin tafin hannu shida a bayan motar, kowane bai wuce milimita 5 ba. Na ɗiga ɗan ruwan ɗorawa a gaban motar na zana gizo-gizo a kai.

Ranar da na kai masa, sai da na fito da shi ƙofar zaure inda haske ya fi yawa. Ya sa aka ɗora masa katakon a cinya. Ya bi gangaren da ɗan yatsa, ya taɓa gorar, ya zo bayan motar ya tsaya. Ya daɗe a nan. Sannan ya ce, "Wannan ta je." Ya nuna mai akwatin ya ce, "Wannan wane ne?" Na ce, "Kai ne, Kaka." Ya ce, "A'a, ni ina cikin masu turawa. Wannan wani yaro ne ɗan garinmu, tare muka shiga jirgi. Zazzaɓi ya kama shi a can, mu muka binne shi a gefen hanya." Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mahaifina, da yake tsaye a bayanmu, ya gaya mini da dare cewa shi kansa bai taɓa jin wannan magana ba sai ranar.

Ranar baje koli aka ajiye aikina a kan tebur a babban ɗakin taro. 'Yan ajinmu suka taru, wani ya nuna direban ya ce da ƙarfi, "Ga kakansa nan!" Bakina ya bushe. Na ce, "Ba shi ba ne. Ga shi nan a baya, na tsakiya. Ɗan dako ne, ni na ƙara gishiri a labarin da na ba ku." Aka yi dariya, wani ya ce ashe Baba Soja ɗan tura mota ne. Sunan ya bi ni har ƙarshen zango, kuma ya yi mini ciwo. Amma da aka gama dariyar ba su watse ba. Suka fara tambaya: me ya kai mutanenmu can, wa ya fasa hanyar, me suke ci, su nawa suka dawo. Wasu tambayoyin na amsa, wasu na ce sai na tambayo. Malamin tarihi ya zo ya tsaya ya ƙara da cewa sunayen barikokin soja da muke ji kullum, irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Myohaung a Legas, duk sunayen wurare ne a Burma inda sojojinmu suka yi yaƙi, kuma a watan Janairun 1945 ne rundunonin Afirka ta Yamma suka karɓe garin Myohaung. Barikin Chindit da ke nan Zariya ma daga wannan yaƙi ya samo sunansa. Mun sha wucewa ta gabansa, ba wanda ya taɓa tambaya a cikinmu.

Ban zo na ɗaya ba. Wani ɗan aji uku da ya haɗa ƙararrawar ƙofa mai aiki da batir shi ya ci. Kaka kuwa bai ƙara shekara biyu a duniya ba, Allah Ya jiƙansa. A 'yan watannin da suka biyo bayan aikin nan na cika littafi guda da labaransa, kuma yau duk danginmu a wurina suke zuwa nema.

Na ci gaba da wannan sana'a har yau, na haɗa motoci da dama da suka fi wancan jif tsari. Abin da na riƙe daga na farkon shi ne, haɗa mota ba shi da wuya, takarda na nuna maka komai. Tsufar da ita ce ke bukatar sani, domin kowane tabo da za ka sa amsa ce ta wata tambaya: wa ya taɓa nan, da me, a wace ƙasa, a wane yanayi? Idan ba ka sani ba, hannunka zai ƙirƙira, kuma wanda ya san abin zai gane da kallo ɗaya.

Ƙannena, wanda yake sha'awar gwadawa kada rashin kwalin kanti ya hana shi. Kwali da gwangwani da waya da farin gam sun isa, in dai za ka ɗauki rula ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Ka je tasha ko garejin makanikai ka zauna ka kalli tsohuwar mota da kyau, ka ga inda ƙura ke kwanciya da inda mai ke tsiyaya da inda fenti ya ci. Ka yi hankali da reza, ka yi aikin fenti a inda iska ke shiga. Idan kuma akwai wani tsoho a gidanku da ya yi soja, ko direban babbar mota, ko ma'aikacin jirgin ƙasa, ka kai masa abin da ka ƙera tun bai gama kyau ba, ka bar shi ya kushe. Mai yiwuwa daga kushen nan ka ji abin da ba a taɓa gaya wa kowa a gidan ba.

Jif ɗin yana nan a ɗakina cikin akwatin gilashi. Gorar ta karye a wuri biyu, ruwan rafin ya yi ja saboda daɗewa. Shatin hannuwan nan shida dai suna nan a bayansa, kuma duk yaron da ya shigo gidan, su yake fara tambaya.